Keken da Aka Kai Bayan Katanga

Ni mutum ne mai riƙo. Mahaifiyata ta sha faɗa mini haka tun ina ƙarami, matata ta ɗora daga inda ta tsaya, kuma ban taɓa yi musu musu ba. In ka taka ni bisa kuskure, kafin ka ɗaga ƙafarka na manta. In kuwa ka taka ni kana kallon idona, to je ka yi harkarka, ni ma zan yi tawa, akwai ranar da za mu haɗu.

Sana'ata ɗinkin kujerun mota ce a Dilimi, cikin garin Jos. Direbobin bas da na tasi su ne mutanena, su kawo kujera ta yage soso ya leƙo, in mayar musu da ita sabuwa. Keken tsere kuwa gadonsa na yi. Yayana ne ya saye shi a gwanjo a Terminus tun kasuwar tana tsaye da rufinta, keken ƙarfe siriri mai lanƙwasasshen kai, shuɗi, fentin ya fara koɗewa. Shi baduku ne, a Naraguta yake aiki, kullum a kan keken yake zuwa ya dawo. Da robar da aka naɗe kan keken da ita ta ruɓe, sai ya yanko jar fatar akuya irin wadda yake jakunkuna da ita, ya tsaga ta siriri, ya naɗe kan da hannunsa. Ba a yi wata huɗu ba ciwon hanta ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ranar rabon kayansa kowa ya ɗauki abin da zai amfane shi, ni na ce a bar mini keken. Inda tafin hannunsa ke zama fatar ta yi duhu ta yi santsi, kuma daidai nan nawa hannun yake sauka.

Wani direba ne ya ba ni labarin masu kekunan tsere da ke haɗuwa duk Asabar da safe a gindin katangar wani tsohon gidan mai, a kan hanyar Bauci. Na wanke kekena na je. Sun kai su goma sha biyar: ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, malaman jami'a biyu, wani fasto, da wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, wadda kowa ke kira Mama. Sun karɓe ni da fara'a, har na fara jin na samu 'yan'uwa.

Ashe suna da al'ada. Kafin a tashi, sai a jera kekunan a jikin katanga, gefen sarƙa yana kallon titi, mutum ɗaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga aibunsu. Wanda kekensa ya fi ƙarancin aibu shi zai tsaya a tsakiyar hoto, shi zai zaɓi hanyar da za a bi Asabar mai zuwa. Wanda ya fi muni kuwa, a tura shi bayan katanga har a gama hoton. Sun ce da wasa abin ya fara. Mai ƙirgar wani ma'aikacin banki ne, dogo, mai gyararren gemu, shi ya tara ƙungiyar tun farko. Babu wanda ya naɗa shi, amma kowa alƙali yake ce masa. Kekensa fari ne sol, naɗin kansa fari, takalminsa fari, irin mai maƙalewa a feda. In ka ɗaga keken da yatsa biyu zai tashi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, keken ya haɗu.

Da ya iso kan nawa sai ya tsuguna, ya yi shiru kamar likita ya ga abin da ya fi ƙarfinsa.

"Malam," ya ce, "daga gidan tarihi ka aro wannan?"

Aka yi dariya, ni ma na yi, don wasa ba ya ba ni haushi. Ya ce wayoyin birkina sun yi tsawo har a yi shanya a kansu. Ya ce sirdina ya sunkuya, sarƙata ta yi baƙi. Ya nuna giyar baya, wato faifayen haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya, ya ce babban cikinsu farantin tuwo ne, na raggwaye, keken ƙwarai ƙananan faifai ake sa masa don ya yi tsaf. Yaya ne ya sa wannan babban faifan saboda hawan Naraguta da ƙunshin fata a bayansa. Ban faɗa ba, na bar shi yana ta zuba.

Sai ya miƙe ya dafa kan keken. Ya ce fatar nan a baibai aka naɗa ta, daga sama aka faro maimakon daga ƙasa, bari ya nuna mini. Kafin in buɗe baki ya sa farce a ƙarƙashin bakin fatar, inda Yaya ya ɗaure da zare, ya ja. Ta warware zagaye biyu, ta tsinke. Guntu mai tsawon tafin hannu ya rage a yatsunsa. Ya dube shi, ya yar a ƙasa, ya goge yatsun a wandonsa.

"Ka gani ko? Aikin wanda bai san aiki ba."

Wani ya tura kekena bayan katanga. Na sunkuya na ɗauki guntun fatar na sa a aljihu. Na san in na yi magana a lokacin, a ofishin 'yan sanda za a ƙarasa ta. Mama ce kaɗai ta lura da fuskata. Ta zo ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri, ɗana. Bakin shi ba shi da birki." Na ce ba komai, Mama. Ƙarya nake yi, na tsani mutumin nan a ranar, tsana mai nauyi wadda ban taɓa yi wa wani mai rai ba.

Duk da haka na bi su. Hanyar Bukuru aka ɗauka, shimfiɗaɗɗiya, aka sha shayi a can, aka sake hotuna, aka juyo. Na tambayi fasto ko nan suke zuwa kullum, ya ce kusan kullum, tunda alƙali ne ke cinyewa, in bai ci ba ya ba abokinsa. A Jos, garin da duk inda ka waiga dutse ne, su sun samo titi ɗaya mara tudu sun aure shi. Wajen dawowa akwai ɗan hawa bayan wata gada, wanda bai kai a kira shi tudu ba. Ina bayan alƙali na ga ya miƙe tsaye a kan feda, keken yana tangaɗi hagu da dama, numfashinsa har ina jiyo shi. Ni kuwa ina zaune a sirdi, na mayar da sarƙa kan farantin Yaya, ƙafata tana juyawa ba nauyi. A wurin na san abin da zan yi masa, sauran kawai yadda zan kai shi inda nake so.

Matata ta ce in fita harkar 'yan gayu, me ya haɗa mai ɗinkin kujera da masu farin takalmi. Na ce mata in hanya ce a hannun wanda kekensa ya fi kyau, to kekena zai fi kyau, ko da sau ɗaya ne a duniya. Ta dube ni ta girgiza kai, don ta san wannan muryar.

Na kulle keken Yaya a shago, na ari baƙin keken maƙwabcina mai sayar da itace, na ci gaba da zuwa duk Asabar. Kullum bayan katanga ake kai shi, kullum ni ne na fi kowa dariya. Na zama ɗalibin alƙali. Oga, me ya sa ake so sirdi ya kwanta daidai? Oga, gorar ruwa fa? Mutumin yana son a tambaye shi fiye da yadda yake son abinci, ya dinga juye mini dokokinsa. Naɗin kai da sirdi launinsu ɗaya. Gora biyu iri ɗaya. Waya kada ta wuce yadda kai zai juya. Sarƙa ta yi ƙal, shi ya sa shi da garin sabulu yake wanke tasa, man da yake ɗiga mata bai kai ya jiƙa ta ba don kada ta yi baƙi. Rubutun da ke jikin taya ya zauna daidai saman bawul, wato bakin da ake hura iska, murfin bawul na gaba da na baya kuma su zama iri ɗaya. Wannan ta ƙarshen ya fi ji da ita, ya sha kayar da mutane a kanta. Ina dawowa shago in rubuta a bayan kwali.

Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai in jawo keken Yaya. Na warware shi ƙusa-ƙusa. Mai fentin mota na kusa da ni ya haɗa mini shuɗin da ya dace da na asali, ya fesa sau uku. Na goge wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya da soson ƙarfe har yatsuna suka fashe. Mai gyaran keke ya rage mini wayoyin birki, ya sa sabuwar sarƙa, ya ce in bari ya cire babban faifan nan tunda kyau nake nema. Na ce ya taɓa komai ban da shi.

Fatar ce ta ba ni wuya. Na hau mota zuwa Naraguta wurin wani tsohon baduku da suka yi shekaru suna zama a tabarma ɗaya da Yaya. Na miƙa masa guntun. Ya juya shi, ya shafa gefen da babban yatsa, ya ce wannan yankan ɗan'uwanka ne, shi kaɗai ke kwantar da wuƙa haka. Na ba shi labari. Ya ce daga sama suke faro naɗin ƙotar wuƙa da ta bulala tun kakanninsu, ba a baibai ba ne, fatar dai ta bushe ne don ba a shafa mata mai. Ya ba ni man kaɗanya, ya zaɓo mini jar fata daga irin jimar da Yaya ke saye don in rufe sirdi, ya ƙi karɓar komai.

Na zauna na warware sauran naɗin da hannuna, wanda alƙali ya fara da farcensa. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Kwana uku ina shafa wa fatar mai har ta yi laushi. Na haɗa guntun da inda ya tsinke da ɗinkin da nake ɓoyewa a kujerun manyan motoci, wanda ko ka sa tabarau ba za ka gan shi ba. Sannan na naɗa daga ƙasa zuwa sama yadda dokar alƙali ta ce. Da na gama na ɗora hannuna, sai na ga duhun tafin Yaya ya bar wurinsa, ya koma ƙasan lanƙwasa inda hannu ba ya zama. Wannan ma na ɗora shi a kan alƙali.

Keke ya kammalu, amma ban fito da shi ba. Na san aibu ɗaya zai samu, farantin nan, shi kuma nasa ba shi da ko ɗaya. Sai na jira. Ina jira ina zuwa bayan Naraguta da sassafe ranar Lahadi da keken itace, ina gwada wata tsohuwar hanyar masu haƙar kuza da ta hau dutse da kwana-kwana har uku, kwaltarta duk ta farfashe. Rabinta nake turawa, amma na san kowane rami da ke cikinta.

Asabar ta huɗu Allah ya kawo. Muna dawowa daga Bukuru tayar bayan alƙali ta yi faci. Muka tsaya wurin mai faci a bakin titi, ni ɗalibin kirki na riƙe masa keken, shi yana can yana amsa waya. Mai faci ya gama ya mayar da taya yadda ta zo masa, rubutun ya koma can nesa da bawul. Farin murfin ya faɗa kwata, ya ɗauko wani baƙi a gwangwaninsa ya murɗa. Ina kallo, bakina a rufe. Na san alƙali, kekunan mutane yake dubawa, ya daɗe da daina duba nasa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Asabar da ta biyo na zo da keken Yaya na jingine shi a katanga. Hira ta tsaya. Fasto ya cire tabarau ya sake mayarwa. Alƙali ya zagaya shi sau uku, ya tsuguna, ya auna sirdi da ido, ya leƙa bawul, ya ja wayar birki. Sai ya shafa jar fatar a hankali, da wannan yatsan dai, ya tambaye ni daga wace ƙasa na yi odarta, don irin wannan naɗin sai kekunan manya.

"Fatar da ka yaga ce, oga. Yayana marigayi ne ya yanka ta."

Ya janye hannunsa. Na ɗauka zai ce in yi haƙuri, kuma wallahi na ji tsoron kada ya faɗa, don da ya ɓata mini shiri. Bai faɗa ba. Ya yi gyaran murya ya ce aiki ya yi kyau, sai dai farantin tuwo yana nan, aibu ɗaya ke nan, saboda haka fari ne ya sake ci. Na nemi izini in duba farin, tunda shi ya koyar da ni. Ya yi murmushi ya ce bismilla. Na tsuguna yadda yake tsugunawa, na yi irin shirunsa, sannan na nuna rubutun taya, na nuna baƙin murfi a baya da fari a gaba. Mutane suka matso suna leƙe. Mama ta ɗaga yatsu ta ce, "Naka biyu, nashi ɗaya. Doka naka ne, oga, ba mu ne mun kawo ba."

Na tsaya a tsakiyar hoto. Da aka tambaye ni hanya na ce bayan Naraguta, har saman dutse. Fasto, mutumin kirki, ya san wurin, ya ja alƙali gefe yana ba shi shawara ya sa babban faifai kafin ranar. Na ga alƙali yana gyaɗa kai, shirina zai rushe. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce oga, in ƙananan naka ba za su iya ba, zan ara maka farantina na kwana ɗaya. Ya ce shi da faranti sai a wurin cin abinci. Aka yi dariya, na fi kowa, don na san ya rufe wa kansa ƙofa.

Ranar Juma'a da yamma aka yi ruwa mai yawa. Da safe gari ya yi sanyi, duwatsu sun yi baƙi da laima, jar ƙasa ta gangaro ta kwanta a duk inda kwalta ta fashe. Alƙali ne a gaba har gindin dutsen, ya shiga kwanar farko da gudu, wasu suka yi masa tafi. Ban bi shi ba. Na sa sarƙa a faranti na zauna ina juyawa, Mama tana gefena da nata babban faifan da alƙali ya sha yi wa tsiya. A kwana ta biyu muka cim masa. Yana tsaye a kan feda, kowace takawa sai ya ɗora duk nauyinsa, busasshiyar sarƙarsa tana kuka, siririyar tayarsa tana zamewa a laka. Mama ta wuce. Ni na rage gudu na jera da shi, na yi masa sannu, na tambaye shi ko ya ga yadda garin ya yi kyau daga nan. Ba shi da numfashin amsawa. Da na ga dama da na wuce tun tuni, amma wata biyar na yi ina jiran wannan kallon.

Kafin kwana ta uku fedarsa ta ƙi sauka. Keken ya tsaya cak. Ya yi ƙoƙarin zare takalminsa, takalmin ya ƙi barin feda, ya tafi a hankali ta gefen dama ya kwanta a cikin jar laka shi da keken. Na tsaya har na tabbatar bai karye ba, don ba jininsa nake nema ba. Ya tashi, gefensa ɗaya ja tun daga kafaɗa har sawu, ya kama tura keke. Takalmin nan ba a yi shi don tafiya ba, ƙarfen ƙasansa yana ƙwas-ƙwas a kan dutse yana santsi. Wasu mata suna gangarowa da buhunan dankali a ka, ɗaya ta tsaya ta tambaye shi cikin tausayi ko keken ne ya lalace. Na hau nawa na ƙarasa.

A sama akwai wani faffaɗan dutse, daga nan kana hango kududdufan kuza da rufin gine-ginen jami'a. Kowa ya iso, wasu a kan keke wasu a ƙasa, muka jera kekuna a jikin dutsen, muka sha ruwa, gumi ya bushe. Sai can alƙali ya ɓullo. Ya jingine nasa a ƙarshen layi ya zauna a ƙasa, kansa a tsakanin gwiwoyi. Aka rasa mai ƙirga aibu, sai idanu suka dawo kaina. Mama ta matso ta ce a hankali, "Ya isa haka, ɗana. Ya ji a jikin shi."

"Bai isa ba, Mama."

Na bi layin ban tsaya a kan kowa ba sai a kan fari. Na tsuguna. Na ce naɗin kai ja ne a dama fari a hagu, bai dace da sirdi ba. Na ce sarƙa ta yi laka, gora ɗaya ta faɗi a hanya, giyar baya kuwa kyakkyawa ce ƙwarai, ta dace da keken da ake turawa. Babu wanda ya yi dariya, ni ma ba dariya na zo nema ba. Na kama keken da yatsa biyu na ɗaga shi, na kai shi bayan dutsen na jingine, na dawo na goge yatsuna a wandona. Ya ɗago ya dube ni, ya mayar da kansa ƙasa. Aka ɗauki hoto.

Na ji daɗi, daɗi mai yawa, kuma har yau in na tuna ina ji. Da na ba matata labari ta ce ban kyauta ba, Yaya mai haƙuri ne, da shi ne da bai yi haka ba. Na ce gaskiya ne, shi ya sa Allah ya ba shi ƙane.

Hoton yana rataye a shagona, saman teburin da nake yanka. Keken Yaya ne a tsakiya, jar fatar tana ƙyalli, farantin yana kallon kowa. A can gefen dama, daidai bakin hoton, akwai ƙafa ɗaya a miƙe cikin takalmin da dā fari ne. Ranar da na kai a wanke mini shi, mai hoton ya ce ƙafar nan ta ɓata tsari, zai iya yanke ta ba wanda zai sani. Na ce ya bar ta, kuma ya ƙara wa hoton girma.